Tsoron sefa 200: gidan majigin Garwa da ya haska mana Halloween yadda John Carpenter ya ɗauke shi

Gidajen kallo a Garwa, in ka shiga ɗaya ka shiga duka. Rumfar kwano, bencina, akwatunan talabijin biyu ko uku a rataye, janareta na ruri a bayan katanga, ga allo a bakin ƙofa an jera wasannin ranar da alli. Da ƙwallo suke cin abinci, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda zan yi magana a kansa ma da ƙwallon yake rufa wa kansa asiri. Yana wani lungu ta wajen Yelwa, ba shi da suna a rubuce, amma masu moto na wajen sun san shi in ka ce a kai ka gidan majigi. Abin da ya raba shi da sauran shi ne daren Alhamis. Bayan sallar isha'i mai wurin yakan kashe talabijin ɗinsa duka, ya kunna majigi, ya haska tsohon fim guda ɗaya a jikin bango. Benci sefa 200, kujerar roba 300.

Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, don haka ina da ƙorafi a kan hoto fiye da yawancin masu kallo, a yi mini uzuri. Tun farkon 2009 aka rufe gidajen sinima uku da suka rage wa Kamaru, Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala, da Empire a Bafusam, kuma waɗanda aka buɗe daga baya a kudu sun yi mana nisa. Samarinmu da yawa sun girma ba su taɓa ganin fim ya fi tafin hannunsu faɗi ba. Mu da muka riga su ma ba wani gata muka yi ba: a kaset muka ga yawancin fina-finan Amurka, an datse hoton dama da hagu don ya cika akwatin talabijin. Akwai finafinan da wannan datsa ba ta cutar da su sosai. Halloween na John Carpenter, wanda ya fito a 1978, ba ya cikinsu. Shi a gefen hoton ya ajiye tsoronsa, in ka datse gefen ka zubar da abin da ka biya kuɗi dominsa.

Ɗakin na bulo ne, ba rumfa ba, zai ɗauki mutum arba'in in an matsa. An shafe bango guda da farin fenti mara ƙyalli, tagogin an toshe su da kwali da baƙin yadi. Majigin na hannu ne, amma haskensa bai dushe ba, kuma baƙinsa baƙi ne, ba toka-toka ba. Babban abin da na fi yaba masa shi ne wuta. Ranar ƙwallo janareta yake tayarwa, amma daren fim da batiran sola yake aiki. Wanda bai gwada kallon fim ɗin tsoro da janareta a bayan kunnensa ba, ba zai gane girman wannan alheri ba. Rabin Halloween shiru ne da numfashin mutum a cikin fuskar roba. A nan ana jin numfashin.

Kafin ya kashe fitila, mai wurin, saurayi ne da bai wuce talatin da 'yan kai ba, yakan tsaya a gaba ya yi bayani gajere da Fulatanci, ya maimaita da Hausa. A wannan dare cewa ya yi: «Jama'a, daren da za ku gani tashen Turawa ne. Ran 31 ga Oktoba yara kan sa kayan dodanni su bi gida-gida ana ba su alewa. In kun ga ƙato da fuskar roba yana yawo ba wanda ya tanka masa, kada ku ce garin wawaye ne.» Ya ƙara da cewa yaro ne ɗan shekara 6 ya kashe yayarsa a 1963, aka tsare shi a asibitin masu taɓin hankali, bayan shekara 15 ya gudo ya dawo garinsu, likitansa na biye da shi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma ya zauna. Babu mai fassara da makirfo yana zuba surutu a kan hoto yana saka barkwancinsa, irin wanda ya zama yayi yanzu. Wancan salo yana da masoyansa, kuma a fim ɗin Indiya mai awa uku har yakan taimaka. A nan da kisan kai ne.

Sunaye na fitowa a allo kusa da kabewar nan mai wuta a ciki, sai wani dattijo da ke kujerar gabana ya miƙe zaune sosai. Ya karanta sunan Moustapha Akkad. Ya juyo ya ce da ni, «Ɗana, ba mai Arrisala ba ne wannan?» Na ce shi ne, Baba Alhaji. Bai yarda ba sai da mai wurin ya tabbatar masa. Akkad mutumin Halab ne ta ƙasar Siriya, shi ya shirya Arrisala a 1976, fim ɗin tarihin farkon Musulunci da yawancinmu muka taso muna kallo, shi ne kuma ya yi na Umar Mukhtar da gwagwarmayarsa da sojojin Italiya a Libiya. Shi ya zuba kuɗin Halloween, dalar Amurka dubu 300 da 'yan kai, abin da a Hollywood ko a wancan zamanin ba a kiransa kuɗi. Fim ɗin ya dawo da kusan miliyan 70 a faɗin duniya. Akkad ya ci gaba da riƙe jerin finafinan har rasuwarsa a Nuwamban 2005, sakamakon harin bam da aka kai otal-otal a Amman, inda 'yarsa ma ta rasu. Allah ya jiƙansu. Dattijon nan ya kwana biyu a duniya, amma na ga alama wannan labari ya fi fim ɗin kansa ba shi mamaki.

Carpenter yana da shekara 30 lokacin. Shi da Debra Hill suka rubuta labarin, ita ce kuma furodusa, kuma sunan garin da ke cikin fim ɗin, Haddonfield, daga garin da ta taso aka aro shi. An ce a jihar Ilinoi abin ke faruwa, alhali a Kalifoniya aka ɗauka, cikin kwana 20 ko kusa da haka, a lokacin da itatuwa ke kore shar. Labarin kuwa na ƙarshen Oktoba ne, sa'ad da ganye ke bushewa yana zuba. Sai suka tanadi busasshen ganye, a watsa a titi a ɗauka, a tattara a buhu a kai wuri na gaba. A kan bangon gidan majigi, da yake hoton ya fito tas, za ka ga ganyen a ƙasa ja-ja, na kan itatuwa kuma kore. Duk wanda ya taɓa zagayawa da furen roba guda daga teburin amarya zuwa na uwar ango don hoto ya yi kyau, zai ji mutanen nan 'yan'uwansa ne.

Buɗewar fim ɗin ita ce ta fara kama ni a matsayina na mai kyamara. Kusan minti huɗu kyamara na tafiya kamar ba a yanke ba: daga gaban gida, ta leƙa taga, ta zaga baya, ta shiga kicin, hannu ya ɗauki wuƙa, ta hau bene, a tsinci fuskar wasa a sa, daga nan sai ta ramuka biyu kake gani. Akwai yanka a ɓoye, wajen sa fuskar nan misali, amma ido ba ya kamawa. Da wata na'ura aka yi, Panaglide, wadda ake ɗaura wa mai kyamara a jiki don hoto ya daina girgiza, sabuwar aba a lokacin. Yau kowane yaro mai gimbal, mariƙin nan da ke hana hoton waya girgiza, yana iya bin amarya daga mota har cikin zaure, kuma mu duka muna yi, har ya gundure ni. Bambancin shi ne Carpenter yana da dalili. Ya sa ka cikin idon mai kisan tun ba ka san ko wane ne ba, ya hana ka hanyar fita, sannan a ƙofar gida uba ya cire fuskar, sai ga ɗan yaro da kayan wasa, wuƙa a hannu, kyamara ta ja baya ta yi sama. A ɗakin nan wani ya ce «Innalillahi» da ƙarfi, ba wanda ya yi masa dariya.

To, ga inda mai gidan majigi ya ci kuɗinsa da halali. Fim ɗin da faɗi aka ɗauke shi, faɗin ya ninka tsayin fiye da sau biyu, don haka in an haska shi daidai sai an bar baƙin fili sama da ƙasa. Ya gaya mini da farko masu kallo sun dame shi: mun biya kuɗi, cika mana bango. Maɓalli ɗaya zai danna hoton ya cika, ko dai a datse gefe ko a miƙar da mutane su zama dogaye kamar an ja su. Ya ƙi. Ya ce da ni, «Yaya, wanda ya ɗauki fim ɗin ya fi ni sanin inda ya ajiye kayansa.» Gaskiyarsa. Carpenter da mai ɗaukar hotonsa Dean Cundey sukan sa yarinyar a gefe guda tana harkarta, su bar sauran hoton fili, titi, shinge, ƙofa a buɗe. Idonka ba ya samun hutu, kullum yana sintiri cikin filin nan. Laurie, jarumar fim ɗin, na cikin aji ta leƙa taga, ga mota a tsallaken titi da mutum tsaye. Ta sake dubawa, babu. Suna dawowa daga makaranta, ga shi can rabin jikinsa a bayan shingen shuke-shuke. Ƙawarta ta je ta duba, babu kowa. Ta hau ɗakinta ta leƙa bayan gida, ga shi tsakanin zannuwan da aka shanya. Duk da rana tsaka ake wannan, a unguwa mai tsabta, ba kango, ba maƙabarta, ba hadari. Akwai wurin da likitan ke tsaye yana magana a bakin titi, motar da yake nema ta wuce ta bayansa a hankali bai gani ba. A kaset ɗin da muka sani, irin waɗannan abubuwa sau da yawa sukan faɗa wajen da aka datse. A nan kuwa samari na ta nuni da yatsa, «Ga shi can! Ga shi can!» Wannan surutun ban ƙi shi ba. Dama fim ɗin don a yi masa haka aka gina shi, mai kallo ya ga abin da mutanen ciki ba su gani ba, ya rasa yadda zai gaya musu.

Wanda ya zo neman jini zai koma da yunwa. Mutum biyar ne kacal suka mutu, ɗaya ma gawarsa kawai aka nuna a cikin ciyawa, kuma jinin fim ɗin duka bai kai na yankan kaza ba. Bayan kisan farko, sai an ci fiye da rabin minti 91 ɗin kafin a sake kashe wani a gaban idonka. Abin da Carpenter ya iya shi ne jan rai, kuma babu inda ya nuna gwanintar kamar a kan Annie, ƙawar Laurie mai bakin tsiya. Tana raino a gidan mutane, tana waya a kicin, mai kisan yana tsaye a bayan gilashi. Ta ɓata kayanta, ta tafi ɗakin wanki da ke bayan gida ita kaɗai cikin duhu. Kowa a ɗakinmu ya ce shi ke nan. Ƙofa ta kulle da ita a ciki. Shi ke nan. Ta nemi fita ta taga ta maƙale, rabi ciki rabi waje. Yanzu kam shi ke nan. Ba abin da ya same ta. 'Yar yarinyar da take raino ce ta zo ta fitar da ita. Ɗakin ya saki numfashi, wasu har da tsaki. Sai ta tafi mota tana 'yar waƙarta, ta tarar a kulle, ta koma cikin gida ta ɗauko makulli, ta dawo, ta ja ƙofa ta buɗe ba tare da ta sa makullin ba. Ita ba ta lura ba. A ɗakinmu mutum biyu ko uku ne suka lura, na ji wani ya ce «Kai!» ƙasa-ƙasa. Ta zauna, ta ga gilashin ya yi raɓa daga ciki, ta sa hannu ta shafa tana mamaki. Daƙiƙa biyu aka ba ka ka haɗa lissafin: raɓa daga ciki numfashi ne. Finafinan da suka biyo bayansa, irin su Friday the 13th na 1980 da tarin masu kwaikwayonsa, sun ɗauki wuƙar da fuskar da 'yan matan, suka bar wannan haƙurin, don shi ne mai wuya.

Kiɗan ma Carpenter ne ya yi da kansa, cikin kwana uku. 'Yan maɓallan fiyano ne ke maimaita kansu a kan bugu biyar-biyar maimakon huɗun da kunne ya saba, shi ya sa ba ka samun inda za ka sauke ƙafa, kullum kamar ana tura ka gaba. Mahaifinsa malamin kiɗa ne a jami'a a jihar Kentaki, shi ya koya masa wannan bugun a kan 'yan ƙananan ganguna yana yaro. Carpenter ya ba da labari cewa ya taɓa nuna wa wata jami'ar babban kamfanin fim aikin tun ba a ɗora kiɗa ba, ta ce sam bai ba ta tsoro ba, shi ya sa ya ƙudura zai ceci fim ɗin da kiɗa. A nan ne kuma gidan majigi ya fara ba ni haushi. Lasifika biyu gare shi, ta dama lafiyarta lau, ta hagu takardarta ta tsage. Duk sa'ad da kiɗan ya sauka ƙasa, wajen sautin nan mai nauyi da ke biyo bayan fiyano, sai ta hau zirrr kamar ta haɗiyi ƙudan zuma. Wanda ya zauna a hagu ya yi asarar sulusin kuɗinsa.

Fuskar kuwa labarinta ya shahara: ta ɗan wasa William Shatner ce, ta jarumin Star Trek, aka saya a kanti ƙasa da dala biyu, aka faɗaɗa idanun, aka yamutsa gashin, aka fesa mata farin fenti. Ba haƙora, ba tabo, ba fushi. Nick Castle, abokin Carpenter tun makaranta, shi ya sa ta a yawancin fim ɗin, kuma aikinsa tafiya ce kawai. Ba ya gudu ko sau ɗaya. Bayan ya kafe Bob, saurayin wata ƙawar Laurie, a jikin katako da wuƙa, sai ya tsaya yana kallonsa, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Wannan karkata kan ta fi kisan tayar da tsigar jiki. Akwai kuma wurin da Laurie ta jingina kusa da wata ƙofa mai duhu bayan ta ga gawarwakin ƙawayenta, farar fuskar ta fara bayyana a bayanta kaɗan-kaɗan; Cundey fitila ya riƙa ƙara wa haske a hankali, kamar idonka ne ke sabawa da duhu. A waya ko a ɗaki mai haske ba za ka ga komai ba sai fuskar ta gama fitowa. A bangon nan, da tagogi a toshe, mun gan ta tun tana inuwa.

Amma abin da ya fi girgiza mutanen Garwa ba wuƙa ba ce. Laurie ta kuɓuto da rauni a hannu, tana ɗingishi, ta ruga gidan maƙwabta tana dukan ƙofa tana kururuwar neman taimako. Fitilar ƙofar ta kama. Wani ya leƙo ta labule. Ya saki labulen, fitila ta mutu. Ɗakin nan ya kaure. «Wane irin gari ne wannan?» «Ko kare ne ai ka leƙo da sanda!» Wani ya tuna musu maganar mai wurin, ai daren tashensu ne, sun ɗauka wasa take. Baba Alhaji ya ce ko wasa ne, 'ya mace na kuka a ƙofarka cikin dare ka kashe fitila? Ni ina ganin Carpenter da gangan ya yi. Unguwa ce ta masu rufin asiri, gidaje manya, kowa da filinsa, amma duk tsawon daren da wuya ka ga babba ko ɗaya a gida. Iyaye sun fita, an bar 'yan mata da yara. Mu da muke kwana katanga na jingine da katanga, tari ma in ka yi maƙwabci ya ce sannu, wannan kaɗaicin ya fi dodon zama baƙo a wurinmu. Daga nan Laurie ta koma gidan da take raino, makulli ya ɓace, tana dukan ƙofa yaron na barci a sama, shi kuma yana tsallako titi a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya. Ba na jin akwai wanda ya jingina bayansa da kujera a wannan minti.

Da aka tashi, Baba Alhaji ya yanke hukunci cewa fim ɗin wa'azi ne: waɗanda suka bi samari sun mutu, mai kamun kai ta tsira. Masu sharhi a Amurka ma sun daɗe suna faɗin haka, Carpenter kuwa ya sha musantawa. Ban yi gardama da dattijo ba, amma a ganina Laurie ta tsira ne don ita kaɗai ce ke duba bayanta. Tun safe take ganinsa, sauran hankalinsu na wani wuri. Jamie Lee Curtis ce ta fito a matsayin, tana da shekara 19, fim ɗinta na farko, 'yar Janet Leigh wadda aka kashe a banɗaki a Psycho na Hitchcock a 1960. Ba ta yi jarumtar ƙarya ba. Tsoro take ji sosai, amma hannunta na lalubar abin da ke kusa, tsinken saƙa, wayar rataye kaya, kuma ba ta manta da yaran ba.

Akwai wurare biyu da tsiraici ya bayyana. Mai wurin bai tsallake su ba, kwali yake sawa a gaban majigi na 'yan daƙiƙu, sauti na ci gaba. Na fi son haka da a danna gaba a tsinke kiɗa. Yara kuwa ba ya barinsu shiga daren Alhamis. Na ga ya mayar wa wasu uku kuɗinsu a bakin ƙofa, suna ta roƙon «Kawu, don Allah», ya ce su dawo ranar ƙwallo.

Fim ɗin ba ya rasa aibu. Hirar 'yan matan a hanya ta yi tsawo, wasan wasunsu ɗanye ne. Laurie ta jefar da wuƙa kusa da mutumin har sau biyu, abin da ya sa ɗakin ya yi mata ca. Likitan, wanda ɗan Ingila Donald Pleasence ya fito a matsayinsa cikin kwana biyar kacal na aiki, ya share rabin dare a laɓe kusa da tsohon gida, motar da yake nema na ajiye ba nisa. Kuma faifan mai wurin bugun Faransa ne, mai suna La Nuit des masques, da muryoyin Faransanci ya haska shi don yawancin masu kallo sun fi jin haka. Na fahimta, amma muryar Pleasence, mai sanyi kamar ta wanda ya daɗe bai yi barci ba, ita ke sa ka yarda cewa abin da ke yawo a garin ba mutum ba ne. An yi asararta. Ƙarshen dai ba ya bukatar harshe: harsashi shida, ya faɗo daga bene, likita ya leƙa, ciyawa ba kowa, sai hotunan wuraren da ya bi, falo, matakala, titi, gida, da numfashin nan yana ƙara ƙarfi.

Sauran ƙorafina a kan wurin ne. Zafi: ɗakin da aka toshe tagoginsa a Garwa, ka san sauran. Fanka biyu ce a sama, kuma yakan rage musu gudu don kada ƙararsu ta rufe sauti. A watan Disamba ba laifi, a Maris da Afrilu ban san wanda zai jure ba. Ƙofar labule ɗaya gare ta, duk wanda ya makara ya ɗaga sai fitilar mai shayi ta faɗo a kan bango, kuma kamar da gayya, a wurin da ya fi duhu ake shigowa. Labule na biyu da ɗan tsakani zai magance wannan. Masu danna waya yakan yi musu magana sau ɗaya, ba ya maimaitawa, ya kamata ya ƙara zafi. Bayan gida akwai, amma ka je da fitilarka da butarka. Mata babu ko ɗaya, ba don an hana ba, wurin ne bai yi musu tanadi ba. Matata na son irin waɗannan finafinai fiye da ni, kuma ba inda zan zaunar da ita. Sannan in babban wasa ya faɗo ranar Alhamis, fim ya sha ruwa, ba sanarwa, sai ka zo ka tarar da ihu. Ka tambaya tun da rana.

In za ka je, ka biya 300 ɗin, ka nemi layi na uku ko na huɗu, ɓangaren dama, nesa da ƙofa. Yana kuma tura finafinai a waya ga mai so, amma wannan kada ka karɓe shi a waya, ɓarnar kuɗi ce. Ya ce The Thing na 1982 ne a layi, shi ma na Carpenter, shi ma Cundey ya ɗauka, kuma kiɗan Ennio Morricone da ke cikinsa kusan duka bugu ne mai nauyi daga ƙasa, daidai inda lasifikar hagu ke ciwo. Na ce masa, «Ƙanena, ka kai ta wajen mai gyara kafin ranar, in ba haka ba ka cire mata waya mu ji da guda.» Ya ce sai bayan wasan ƙarshen mako, in an samu ciniki.